Naira 3,000 da awa biyu a shagon gyaran sibi a Katsina

Malam, mai shagon, ya riƙe takardar sibi tawa ya ɗan nisanta ta da fuskarsa, irin na mutumin da ya baro tabarau a gida. Ya karanta shafin farko bai ce uffan ba. Da ya kai na uku sai ya ɗago ya ce, "Ƙanena, wannan taka ce ko aro ka yi?" Na ce tawa ce mana, ga sunana nan a sama. Bai yi gardama ba. Ya jawo durowa ya zaro wasu takardu kamar biyar da masu su suka bari ba su dawo sun karɓa ba, ya rufe sunayen da tafin hannunsa, ya ce in karanta layin farko na kowace. Duk magana ɗaya ce da Turanci, wai mai takardar mutum ne mai ƙwazo da ke neman wurin da zai ba da gudummawa ga ci gaban ma'aikata. Kalma da kalma iri ɗaya da tawa, har da wani kuskuren harafi da ban taɓa lura da shi ba sai ranar. Shekara huɗu ke nan ina rarraba wannan takarda a ofisoshi ina cewa ba ni da sa'a.

Takardar da nake nufi ita ce ta bayanin karatu da aikin mutum, wadda kowa ke kira sibi. Na karanta labarin ƙasa a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, na yi bautar ƙasa a jihar Neja, a zamaninmu ne ma aka ɗaga alawus daga naira 19,800 zuwa 33,000 a farkon 2020. Na dawo gida korona ta rufe ko'ina. Tun daga nan ina zaune a rumfar POS ta yayana kusa da babbar kasuwa, ina cike duk wani aikin da aka ce an buɗe. Ƙanwar matar yayan nawa ce ta tura ni wannan shago, bayan ta samu aiki da wata ƙungiya mai kula da yara masu tamowa. Ta ce, "Yaya, ka je, amma kada ka tsaya wurin yaran shagon. Ka ce Malam kake son gani." Wannan shawara tata ita ce rabin abin da zan faɗa.

Ba zan ambaci sunan shagon ko na mai shi ba, domin cikin abin da zan rubuta akwai wanda ba yabo ba ne, kuma mutumin ya yi mani kirki. Yana cikin wani layi ne a wajen Ƙofar Ƙaura, ɗaki biyu ciki da falo. A falon akwai kwamfuta shida, firinta, injin fotokwafi, benci biyu da yara uku masu aiki. Da ka leƙa za ka ce kafe ne irin wanda ke kowane lungu, kuma haka ɗin ne: ana buga aikin ɗalibai, ana duba sakamakon jarrabawa, ana cike fom. Suna da sola da batura, saboda haka ɗauke wuta ba ya tsayar da kwamfutocin, sai dai injin fotokwafi ba ya tashi sai da janareta, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, idan ka ji janareta na kuka to ka san kuɗin kowane shafi ya ƙaru. Cike fom a intanet naira 1,000 ne zuwa 1,500. Zama da Malam a ɗakin ciki, ni dai 3,000 na biya.

Na yi zaton zai karɓi takardar ne ya sake bugawa da haruffa masu kyau. Sai ya kife ta a tebur, ya ɗauko farar takarda da biro.

"Tun da ka gama bautar ƙasa mi kake yi?"

Na ce, "Ba komi, Malam."

Ya ce, "To mi kake ci?"

Na yi dariya na ce ina dai taya yayana zama a POS. Nan fa ya gyara zama. Mutum nawa kake sallama a rana? Na ce tsakanin 80 da 120, ranar da kasuwa ta cika su fi haka. Wa ke rufe lissafi da yamma? Ni. A ina kake rubutawa? A littafi. An taɓa samun giɓi? Sau biyu a shekara uku, kuma duk na gano inda kuɗin suka maƙale. Idan an cire wa mutum kuɗi a banki ba su shigo maku ba, wa ke bin maganar? Ni nake zuwa banki in cike takardar ƙorafi in riƙa bibiya har a mayar. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023 fa, ya kuka yi? Na ba shi labarin yadda na riƙa zagaya 'yan kasuwar hatsi da masu gidan mai tun da asuba ina karɓar tsabar kuɗinsu ina tura masu ta waya, don mu samu abin ba mutane. Yana ji yana rubutu. Da na gama ya juyo mani da takardar, ya ce, "Wannan shi ne ba komi ɗin?"

Haka ya yi ta tonona kamar mai haƙar gyaɗa. Ya tono aikin zaɓen da na yi a 2023, inda na riƙe na'urar BVAS ina tantance masu zaɓe ranar 25 ga Fabrairu da ranar 18 ga Maris. Ni ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin aiki ba, a wurina kwana biyu ne na wahala da 'yan kuɗi. Ya tono zagayen rigakafin shan inna da na yi sau uku a unguwarmu, ni ne mai riƙe takardar ƙidaya, ina rubuta yawan yaran da aka ɗiga wa magani, ina sa alamar alli a bangon gida. Ya tono har aikin kammala digirina, wanda na bi rijiyoyin burtsatse na wata mazaɓa ina ɗaukar lambobin wurinsu da GPS, ina rubuta wadda ke aiki da wadda ta lalace. Duk waɗannan babu ko ɗaya a tsohuwar takardata. Abin da ke ciki shi ne sunan makarantar firamare, addini, ƙabila, cewa ba ni da aure, da cewa ina sha'awar karatu da tafiye-tafiye. Ya ce, "Ina da ina ka taɓa zuwa?" Na ce Minna. Ya ja layi a kai.

Akwai maganar da ya yi da ta zauna mani. Ya ce mai ɗaukar aiki ba ya sayen hali a takarda, domin babu wanda zai rubuta cewa shi malalaci ne ko maha'inci. Kowa mai gaskiya ne a sibi. Abin da yake nema shi ne lamba da aikin da za a iya bincikawa: mutum nawa, kuɗi nawa, wata nawa, wa zai shaida. Shi ya sa ya hana ni sa sunan wani babban mutum na unguwarmu cikin masu shaidata, mutumin da ko fuskata ba lalle ya gane ba. Ya ce in sa malamin da ya duba aikin digirina da matar da ta shugabanci tawagarmu a rigakafi, kuma in kira su tukuna in nemi izini. Da na kira malamin nawa, ashe ma ya canza lamba tun tuni. Wato shekara huɗu duk wanda ya so tambaya a kaina, layin da ba ya shiga yake kira.

Shafi uku suka koma ɗaya da rabi. Kuma ya yi mani kala biyu. Ɗaya ta aikin gwamnati, wadda ya bar jiha da ƙaramar hukuma da ranar haihuwa a sama, domin a ma'aikatun tarayya ana raba gurabe ne bisa tsarin daidaito tsakanin jihohi, akwai ma hukuma sukutum da ke sa ido a kan haka. Ɗayar ta kamfanoni da ƙungiyoyi masu zaman kansu, wadda ya fara da abin da na iya, ya sa Hausa a jerin ƙwarewa. Na ce Hausa kuma, Malam? Ya ce wanda ke zaune a Abuja yana neman mai shiga ƙauyukan Jibiya ko Mashi ya yi wa mata tambayoyi, Hausar taka yake saye kafin digirinka.

Bai sa hoto ba, bai sa launi ba, bai raba shafin gida-gida ba, duk da cewa yaran da ke falo irin wannan ado suke yi wa mutane kuma mutane sun fi son shi. Dalilinsa shi ne manyan wurare da yawa yanzu manhaja ce ke fara tace takardu kafin idon mutum ya gani, tana neman kalmomin da ke cikin sanarwar aikin, kuma ado na iya rikita mata karatu. Saboda haka kowane aiki za ka nema, ka karanta sanarwar da biro a hannu, ka ja layi ƙarƙashin abin da suke so, wanda ka san ka iya da gaske ka faɗe shi da kalmarsu. Ya ajiye takardar a PDF da cikakken sunana. Sai ya tambayi adireshina na imel. Na faɗa a hankali, domin laƙabina ne na makaranta haɗe da sunan ƙungiyar ƙwallon da nake goyon baya. Bai ce komai ba, ya dai miƙo mani wayata ya ce in buɗe sabo.

Na tambaye shi batun ChatGPT, tunda tun fitowarsa a ƙarshen 2022 abokaina da shi suke rubuta wasiƙar neman aiki, yaran shagon ma na ga da shi suke yi. Ya ce shi ma yana amfani da shi, amma bayan mutum ya rubuta nasa, don a gyara nahawu. A gabana ya sa wasiƙar da na rubuta da hannuna, ya umarce shi ya gyara kuskure kawai kada ya ƙara komai. Ya ce, "Turancin da ba za ka iya karewa a gaban kwamiti ba, kada ka sa hannu a ƙasansa." A nan na ba shi gaskiya ɗari bisa ɗari. Na san wanda aka karanto wa jimla daga wasiƙarsa a intabiyu aka ce ya yi bayani, ya tsaya yana kallon silin.

Inda muka saɓa da shi shi ne batun hanya. Malam na da ra'ayin cewa zamanin takardar wane da wane ya kusa wucewa, tunda komai ya koma intanet da jarrabawar kwamfuta. Ya kawo misalin malaman makaranta sama da 7,000 da gwamnatin Dikko Raɗɗa ta jihar Katsina ta ɗauka bayan an yi masu jarrabawa. Ban musa wannan ba, na san waɗanda suka shiga ba su san kowa ba. Amma ni ɗan gari ne, ina da ido. Mai uwa a gindin murhu har gobe ba ya cin tuwonsa gaya, kuma babu gyaran sibi da zai canza wannan. Abin da na yarda da shi shi ne ɗaya ɓangaren maganar tasa: cewa mun tattara hankalinmu duka a ƙofa ɗaya, ta aikin gwamnati mai fansho, alhali ƙofar ta yi wa jama'ar da ke bakinta kaɗan. 'Yan N-Power, shirin gwamnatin tarayya na ba matasa aikin wucin gadi, da aka fara ɗauka a 2016 a kan naira 30,000 a wata, da yawansu sun zauna jiran a mayar da su ma'aikatan dindindin har shirin ya sallame su. Mafi ƙarancin albashi ya koma 70,000 a 2024, amma duk wanda ke cefane ya san inda 70,000 ke tsayawa. Ayyukan da ke fitowa yanzu a wajenmu galibi na kwantiragi ne, wata uku, wata shida, tattara bayanai, sa ido kan rabon kaya, tallan kamfani, kuma su ba ruwansu da ajin digirinka idan ka ci gwajin da suka ba ka.

Wani abin dariya da ya tuna mani: a lissafin hukumar ƙididdiga ta ƙasa ni ba marar aiki ba ne. Ta ce a ƙarshen 2020 rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin ɗari. Da ta sauya tsarin lissafi a 2023, aka koma ƙirga duk wanda ya yi aikin samun kuɗi na awa ɗaya a mako a matsayin mai aiki, sai adadin ya faɗo zuwa 4.1. Na gaya wa mahaifiyata haka, ta ce to Allah ya sa albarka, sai in kawo kuɗin cefane.

Abu mafi amfani da na fita da shi bayan takardar bai ɗauki minti goma sha biyar ba. Ya karɓi wayata ya saukar da KoboCollect, manhajar da ƙungiyoyi da yawa ke tattara bayanai da ita, kyauta ce kuma tana aiki ko babu sabis, sai ka dawo gari ka tura. Ya haɗa mani ɗan fom na gwaji mai tambaya goma, ya ce in je in cike shi da mutum goma a kasuwa in dawo. Na yi. Ya nuna mani yadda amsoshin ke fitowa a Excel, ya ce sauran ya rage nawa, shi ba ya koyar da kwamfuta. Ya ambaci shirin 3MTT na ma'aikatar sadarwa ta tarayya, wanda aka ƙaddamar a 2023 da burin horar da mutum miliyan 3 a fannin fasahar zamani, ya ce in sa ido idan an buɗe, kafin nan kuma YouTube na nan. Ya sa na buɗe LinkedIn da Jobberman, shafukan neman aiki a intanet, ya nuna mani ReliefWeb inda ƙungiyoyin agaji ke sa sanarwar aiki. Gaskiya LinkedIn har yau kallo kawai nake yi, ban saba da yabon kai a bainar jama'a ba.

To, wannan ɗakin ciki ke nan. Falon wani gari ne daban.

Yaran ba miyagu ba ne, suna da fara'a, amma hannunsu ya fi hankalinsu sauri. Su ne tushen takardun nan masu kama ɗaya: akwai tsohuwar sibi a kwamfuta, sai su goge suna su sa naka, su karɓi 1,500. Wato abin da Malam ke yi wa dariya a ciki, a falonsa ake ƙera shi. Na gaya mashi haka, ya ce mutane ne ke zuwa a gurguje, ba mai son zaman awa biyu. Akwai gaskiya a ciki, amma shagonsa ne, da ya so da ya hana.

Ni kaina sun yi mani ɓarna. Wata rana aka buɗe ɗaukar aiki a wata hukuma, na je ranar da ta rage kwana ɗaya a rufe, wannan laifina ne. Layi har waje, rana na dukan mutane, shafin na buɗewa yana rufewa. Da aka zo kaina yaron ya karɓi takarduna yana cikewa yana hira da abokinsa. Ya juya ranar haihuwata, ya sa wata a gurbin rana, ya tura kafin in duba. Ba ta dace da abin da ke kan lambata ta NIN ba, kuma shafin ba ya bari a gyara. Shi ke nan wannan ta wuce, ga shi shekaruna sun kusa haure iyakar da irin waɗannan hukumomi ke sawa. Malam ya ba ni haƙuri ya mayar mani da kuɗina, ya yi wa yaron faɗa a gabana. Naira 1,500 ta dawo, damar ba ta dawo ba. Tun daga ranar ba na bari a danna turawa sai na karanta kowane layi da bakina, ko mutanen da ke bayana za su yi tsaki.

Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. Akwai wani littafi mai baƙin bango a kan teburin yaran, cike da imel ɗin mutane da kalmominsu na sirri. Mutum zai zo ba shi da imel, su buɗe mashi, su zaɓa mashi kalmar sirri, su rubuta a littafin, wani lokaci ma lambar wayar shagon suke sawa. Ranar da aka kira shi intabiyu saƙon na can cikin akwatin da bai san yadda ake buɗewa ba. Na ga wani dattijo ya zo da ɗansa daga wajen Batagarawa don kawai a duba masu ko an turo saƙo, suka biya kuɗin mota suka biya na dubawa. A kan kwamfutocin kuma ga hotunan satifiket, takardar NIN, takardar shaidar ƙaramar hukuma da hotunan fasfo na ɗaruruwan mutane a zube, duk wanda ya zauna zai gani. Fotokwafin da ya lalace a kwali ake tarawa a bakin ƙofa. Ban ga inda ake kai shi ba, amma duk wanda ya taɓa sayen ƙosai a garin nan ya karanta sakamakon jarrabawar wani a jikin takardar. Har takardun nan biyar da Malam ya nuna mani ranar farko, da na koma gida na yi tunani, ai tawa ma da na manta ta da an nuna wa wani. Ya rufe sunaye, na yarda, amma da yagawa ya yi da ya fi.

Sai farashi. Ba a rubuta shi a bango ba, kuma yana tafiya ne da irin rigar da ka sa. Mata kuma ba su da wurin zama na daban. Benci biyun nan maza ke cika su, sai ka ga mace da goyo tsaye a bakin ƙofa tana jiran a kira ta. Ƙanwar matar yayana ta ce ita da safe take zuwa kafin ƙarfe tara, lokacin ba kowa. Ƙara benci ɗaya ba zai karya shagon ba.

Amma akwai halin da zan yaba masa wanda ba kowane mai kafe ke da shi ba. Ba ya cike aikin bogi. Ina zaune wani saurayi ya shigo da sanarwa a WhatsApp, wai wata babbar hukumar tarayya na ɗaukar mutane, a biya 5,000 kuɗin fom. Da Malam ɗan son banza ne da ya karɓi kuɗin cikewa ya sallame shi. Sai ya nuna mashi adireshin shafin, ya ce shafukan gwamnatin Najeriya da .gov.ng suke ƙarewa, wannan kuwa wani dogon suna ne da aka jera. Ya buɗe shafin hukumar na gaskiya, babu wata sanarwa. Ya ce da shi, "Ɗana, duk aikin da aka ce ka biya kafin a ɗauke ka, kai ne aikin." Saurayin bai ji daɗi ba, ya fita yana gunaguni, wataƙila ma wani shagon ya nufa. Malam ya juyo ya ce mani shi tun abin da ya faru a watan Maris na 2014, lokacin da masu neman aikin hukumar shige da fice suka biya naira 1,000 kowanne, aka tara su a filayen wasa har turmutsutsu ya kashe mutane, ya ɗauki alkawarin ba zai taɓa tura ɗan wani inda bai tabbatar ba. A unguwarmu akwai gidan da aka sayar da fili aka ba wani kuɗin takardar kama aiki, yaron ya je Abuja da sabon ɗinki aka ce ba a san da zamansa ba. Saboda haka wannan hali na Malam ba ƙaramin abu ba ne a wurina.

Yana kuma ba da hayar ɗakin ciki ga wanda za a yi wa intabiyu ta bidiyo, naira 2,000 awa ɗaya, da kwamfuta da intanet da farin bango a bayanka. Na yi amfani da shi sau ɗaya. Kafin a fara ya zauna a matsayin mai tambaya ya ce in gabatar da kaina. Na fara da sunan kakana. Ya ɗaga hannu ya ce minti ɗaya gare ni, in faɗi abin da na karanta, abin da na yi, da abin da ya kawo ni. Muka maimaita sau huɗu. Ya ce in kalli idon kyamara, in daina sunkuyar da kai. Wannan ya yi mani wuya, domin mu an tarbiyyantar da mu a kan ba a zura wa babba ido, su kuwa masu tambayar suna ɗaukar sunkuyawa a matsayin rashin tabbas. Matsalar ɗakin ɗaya ce: ƙofar ba ta rufuwa sosai, ana tsakiyar tambayata aka tayar da janareta. Sai da na ce a maimaita tambaya sau biyu.

Ga abin da ya biyo baya, ba ƙari. Cikin wata biyar na nemi aiki 14 da sabuwar takardar. Uku sun amsa. Ɗaya gwaji suka turo na faɗi a Excel, ɗaya intabiyun janaretan nan ne ba su sake kirana ba, na ukun suka ɗauke ni aikin tattara bayanai na mako shida a ƙananan hukumomi biyu. Ranar horo da aka raba wayoyi aka ce a buɗe KoboCollect, cikin mutanen da ke teburinmu ni kaɗai na taɓa ganinta. Kwantiragin ya ƙare, na dawo rumfar yayana. Ban samu aikin dindindin ba, kuma Malam bai taɓa ce mani zan samu ba. A shekara huɗun baya dai ko saƙon ban haƙuri ba a taɓa turo mani ba.

Wanda ya iya rubuta kansa, yana da kwamfuta da wanda zai duba mashi, ba ya buƙatar wurin nan. Wanda kuma fom kawai zai cike, kowane kafe ɗaya ne, sai dai ya tsaya a kan yaron. Amma irina, wanda ya yi ayyuka birjik yana cewa ba komi, 3,000 ɗin ba asara ba ce. Ya je da safe a ranar da ba a rufe wani fom, ya wuce falo kai tsaye. Ya buɗe imel ɗinsa a wayarsa da lambarsa tun daga gida, kada ya bari kalmarsa ta sirri ta shiga littafin nan. Idan an gama ya sa a tura mashi takardar a wayarsa, wadda ake iya gyarawa da ta PDF, sannan ya tsaya a goge hotunan takardunsa daga kwamfutar a gabansa, ya kwashe ko da fotokwafin da ya lalace ne.

Makon jiya na koma don a ƙara aikin mako shidan nan a takardar. Na zauna na rubuta layukan da kaina: gidaje nawa na shiga, ƙauyuka nawa, fom nawa aka dawo mani da su don gyara. Malam ya karanta, ya cire kalma ɗaya, ya ce ba zai karɓi kuɗi ba. Da zan fita na leƙa teburin yaran. Littafin mai baƙin bango na nan inda yake, an ma kusa cinye shi.